Yawon ƙafa a New Forest: ƙafarka ta san laka kafin idonka

Daga tashar Waterloo a Landan, jirgin ƙasa na kai mutum Brockenhurst, wani ƙauye a cikin New Forest, gandun daji da ke kudancin Ingila, cikin kusan awa ɗaya da rabi. Daga nan na nufi yamma zuwa filin Whitefield Moor, na bi gaɓar rafin Ober Water, na shiga cikin dogayen itatuwan Rhinefield, sannan na zagayo gari. Kimanin kilomita 13 ne, awa huɗu da ɗan wani abu.

Kada sunan daji ya ruɗe ka. Yanki mai yawa fili ne fetal, gajerun tsirrai masu fure shunayya a watan Agusta, da ƙaya mai fure rawaya. Babu inuwa, babu abin tare iska. Kuskurena na farko shi ne yanke hanya ta wani wuri mai kore shar. Ashe wannan koren alamar fadama ce: ruwa kwance ƙarƙashin gansakuka, ƙafa ta nutse har ƙwauri. Inda tsirran suka bushe suka yi duhu, nan ƙasa ke da ƙarfi. Ka zauna kan turba, musamman daga Maris zuwa Yuli, lokacin da tsuntsaye ke ƙwai a ƙasa. Ka riƙe taswirar takarda ta yankin, mai lamba OL22, don sabis na ɗaukewa cikin itatuwa, turbobin kuma kama suke da juna.

Dawakan da ke kiwo sakaka suna da masu su. Ba a ba su abinci, ba a shafa su. Suna cizo da harbi, kuma ana cin tarar wanda ya ba su abinci ko ya shafa su. Kaska ce ta fi damuna, domin tana ɗauke da cutar Lyme. Cusa ƙafar wando cikin safa, ka duba bayan gwiwa da ƙugu da yamma.

Mashayar ƙauye a can gidan abinci ce ma, iyalai da yara na zuwa. A kantar mashayar ake oda a biya, ba wanda zai zo teburinka. Na isa ƙarfe uku saura, an rufe kicin sai yamma, na ƙare da shayi da gyaɗa. Ka isa kafin biyu. Ka tambaya kafin ka ci soyayyen kifi, don sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawarsa. Ruwan famfo kyauta ne. Takalmi mai taɓo kuwa, a bakin ƙofa ake tuɓe shi.