Wasiƙa daga Mishigan: Abin da Ake Nema a Kan Barewa

'Yan'uwa na gida, ina gaishe ku da kyau, da fatan kowa yana lafiya.

Ranar 15 ga Nuwamba ake buɗe farautar barewa da bindiga a nan jihar Mishigan ta ƙasar Amurka, kuma bana maƙwabcina ya ja ni muka tafi arewa tare. Ni ba maharbi ba ne, ɗan rakiya ne kawai. Amma abin da na gani bayan an gama harbin shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da ya kashe barewarsa, irin mai farar wutsiya, bai wuce gida kai tsaye ba. Sai da muka tsaya a wata rumfa ta ma'aikatan kula da namun daji. Wata mata sanye da safar hannu ta buɗe bakin dabbar, ta duba haƙora don ta san shekarunta, ta tambaye shi daidai wurin da ya harbe ta, ya nuna mata a taswira. Daga nan aka yanke kan, aka maƙala masa lamba, aka jefa cikin leda. Naman kuwa aka bar masa abinsa. Na ce mata, "Baiwar Allah, me za ku yi da kai?" Ta ce kaluluwar da ke bayan maƙogwaro suke so, don can tarin fuka ke fara ɓuya. Barewa na iya yin ƙiba, gashinta na sheƙi, huhunta tas, alhali cutar na cikin kaluluwa. Wasu ne kawai ake gani da ƙuraje rawaya-rawaya manne a jikin haƙarƙari.

Tarin fukan shanu ne, kuma shanun ne suka fara ba bareyin tun da daɗewa, yanzu bareyin ke mayar musu da biki. An fara ganinsa jikin wata barewa a gundumar Alkona a 1975, aka ɗauka tsautsayi ne. Da aka sake samun wata a gundumar Alpena a 1994, sai aka fara bincike gadan-gadan a 1995, aka tarar kusan biyar cikin ɗari na bareyin tsakiyar yankin na ɗauke da shi. Ba a jima ba ya ɓulla a garken shanu, har a shekarar 2000 jihar ta rasa matsayinta na wadda ba ta da cutar. Ma'anar wannan ga makiyayi ita ce gwaji a kan gwaji kafin ya fitar da saniya kasuwa, wani lokaci ma a hallaka garken gaba ɗaya idan an tabbatar.

Yadda cutar ta yaɗu ya fi ba ni mamaki. Mutane ne da kansu suka riƙa zuba tulin masara da karas a daji lokacin sanyi, don bareyi su taru su yi yawa, farauta ta yi daɗi. To dabbobi da yawa sun kafa baki a tuli ɗaya, wannan ta yi tari, waccan ta lasa, ga ƙwayar cutar tana iya yin makonni a kan abinci idan akwai sanyi. Da dare kuma su tsallaka gonar makiyayi su ci ciyawar da ya ajiye wa shanunsa, su sha a kwamin ruwansu. Shi ya sa aka hana zuba abincin, aka ƙara yawan waɗanda ake harbewa, makiyaya kuma suka koma kewaye rumbun ciyawa da dogon shinge. Adadin bareyin da ke ɗauke da cutar ya sauko zuwa wajen biyu cikin ɗari, sai ya cije a nan. Har yau wasu maharba na jin haushin dokar, maƙwabcina ma yana cikinsu, duk hanya yana mita. Ni dai a ganina ba su da gaskiya, ko da yake ban faɗa masa ba tunda a motarsa nake.

Mutum ma bai tsira ba. An samu maharba a jihar da suka kamu, ɗaya a 2004 ta hanyar yankan da ya ji a yatsa yana feɗe barewa, wani dattijo kuma a 2017 da ya shekara da shekaru yana fiɗa a yankin. Ba su da yawa, amma dalilin safar hannun ke nan.

Kan nan ɗaya ba tarin fuka kaɗai ake nema a cikinsa ba. Akwai ciwon ramewa da ke cin ƙwaƙwalwar bareyi, wanda aka fara lura da shi a Kolorado a 1967, ya bayyana cikin bareyin dajin Mishigan a 2015. Ba ƙwayar cuta irin wadda muka saba ji ba ce, wani gurɓataccen furotin ne da dahuwa ba ta kashe shi, ya kan kuma daɗe a ƙasa. Ba a tabbatar ya taɓa kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman wadda aka samu da shi. Da ya ɓulla a Norwe a 2016, garke guda na bareyin ƙanƙara sama da dubu biyu suka kashe. A 2021 ma an gano alamun korona a jinin bareyin jihohi huɗu, har da tamu.

Duk wannan aiki, da ɗakunan gwajinsa da likitocinsa, ya rataya ne a wuyan maharbi: ko ya tsaya a rumfa, ko ya wuce. Maƙwabcina, duk da mitarsa, ya tsaya. Naman na cikin firiza bai taɓa ba, kullum da safe sai ya buga lambar nan a intanet ya ga ko sakamako ya fito. Ya ce idan ta fita lafiya, cinya ɗaya tawa ce.

Naku,
ɗan'uwanku a Mishigan