Kogin Faro: inda giwan ruwa ke gwada manaɗin zare

Daga Garwa, a arewacin Kamaru, muka kama hanyar Gaundare, sannan muka karkata zuwa Poli, daga nan kuma sai turɓaya har bakin kogin Faro, wanda ke gangarawa ya haɗu da Binuwai. Watan Fabrairu ne, ruwa ya ja baya ya yi garau, hazo ya rufe tsaunuka, dorinai suna gurnani a gurbi mai zurfi.

Fatsar da ta kawo mu ba irin ta masuntanmu ba ce. Babu tana, babu koto. Ƙugiya ake yi wa ado da gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro ko ƙaramin kifi, kuma nauyin zaren ne ke kai ta nesa. A gindin sandar akwai manaɗi, wani faifan ƙarfe mai hannu da birki. Shi na zo in sa wa ido, domin a kansa ake yawan asarar kuɗi.

Da rana muna neman kifin tsage da sanda mai lamba 9 (lambar na nuna nauyin zaren da sandar ke ɗauka; babbar lamba ta babban kifi ce). A nan manaɗi ba ya wani aikin kirki: da hannu ake jan zaren, a fizge shi da ƙarfi domin ƙugiya ta shiga bakin nan mai kamar ƙashi. Wayar ƙarfe a gaban ƙugiya ta fi muhimmanci, don haƙoran tsage reza ne. Matsakaicin manaɗi ya wadatar.

Da magariba labari ke canzawa. A ɗauko sanda mai lamba 12, a tsaya kan dutse cikin duhu ana jifa. Giwan ruwa ba ya dogon gudu; yana kamawa sai ya nufi ƙarƙashin duwatsu, in ya shiga kuwa zare ya tsinke. Saboda haka zaren ajiya, wato siririn zaren da ke ƙarƙashin na jifa a faifai, mita 200 ya isa, abin da ake saye da tsada shi ne birki. Ana son wanda zai riƙe gam, amma ya fara sakin zare sumul, ba tare da ya cije a farkon juyawa ba. Wannan ɗan cijewar ita ke katse zare. A dare na biyu na ga haka a hannun abokin tafiyarmu: kifi ya ja, manaɗinsa mai araha ya yi ƙiƙam sannan ya saki gaba ɗaya, zare ya cukurkuɗe. Da safe muka kwance shi, sai ga yashi a cikin birkin kamar an zuba da cokali.

Birki iri biyu na gani. Akwai rufaffe, mai faya-fayan kabon da ƙarfe marar tsatsa, wanda ƙura ba ta shiga. Akwai na ɓawon itacen kwalaba, irin na kamfanonin Tibor da Shilton, buɗaɗɗe ne, yana son a goge shi a shafa masa ɗan mai, amma ko a daji ana iya gyara shi. A ganina rufaffen ya fi dacewa da hunturun Faro, sai dai in ya lalace sai an mayar wa masu ƙera shi.

Dubi jikin manaɗin ma. Wanda aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyam in ya faɗi kan dutse lanƙwasa yake ɗan yi, na zubi kuwa tsagewa yake. Faifai mai faɗin cibiya ya fi saurin naɗe zare. Kuma a tuna, zare na ƙarewa a faifai birki na ƙara tauri da kansa, don haka kada a ƙara matse shi kifi na gudu.

Manaɗi na kirki mai lamba 12 yana cin ɗaruruwan daloli, kuma ya ci kuɗinsa. Kowane dare kafin mu kwanta sai mun ɗauraye manaɗan namu da ruwa mai tsabta, mu sassauta birki gaba ɗaya, mu rataye su nesa da ƙasa.