Rigar kamfani, albashin Alhaji

Shekara uku na yi ina sayar da layin waya da data a wani shago a Titin Gidan Zoo, nan Kano. Wanda ya ga allon shagon da fentin bango da rigar jikina zai rantse ni ma'aikacin kamfanin sadarwar ne. Ni ma haka na ɗauka, sai da wata ya ƙare Alhaji mai shagon ya kira ni ya ƙirgo mini kuɗi a hannu, sannan na gane kamfanin bai ma san da zamana ba. Alhaji ne ya zuba jari ya karɓi izinin amfani da sunan, kamfani ya gindaya masa sharuɗɗa tun daga farashi har yadda za a tarbi kwastoma. Mu yaran Alhaji ne kawai.

Ba zan yi butulci ba, sunan yana sayar da kansa. Kafin nan caja da gilashin waya nake sayarwa a Farm Centre, inda sai ka bi mutum kana "Yallaɓai, zo ka gani" har maƙogwaro ya bushe. A shagon nan da ƙafarsa yake shigowa, ya riga ya yarda da kayan. An koya mana rajistar layi, ɗaukar hoton yatsa da rufe lissafin yini, ga kamasho a kan kowane sabon layi.

A Disamban 2020 gwamnati ta dakatar da sayar da sababbin layuka saboda batun haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, ba a ɗage ba sai Afrilun 2021. Kamasho ya tsaya cak. Na sami Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, albashin nan shi kaɗai ba ya kai wa tsakiyar wata." Ya juyo mini da littafin ciniki, ya ce, "Ɗana, duba da kanka. Haya ba ta tsaya ba, man janareta bai tsaya ba." Gaskiyarsa ce, sai dai ni ma cefanen gidana bai tsaya ba. Kuma babu ofishin da zan kai kuka, tunda sunana ba ya cikin takardun kamfani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗaukar laifin da ban da ikon gyarawa. A Afrilun 2022, da aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, shagon ya cika maƙil. Wata dattijuwa ta kwance ƙaramar wayarta daga bakin zani, ta ajiye a gabana, ta ce, "Ɗan nan, me na yi muku kuka rufe mini layi?" Na ce, "Inna, yi haƙuri, zauna." Iyakacina in tura bayananta in jira. Sau uku tana dawowa, kuɗin adaidaita yana fita daga aljihuna don kunya. Ga matsalar farashi: Bakano ya saba ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama. Ni ko naira 50 ba ni da ikon ragewa, sai a ce na cika tsauri.

Da zan sake, kafin in saka rigar sai na tambayi wa ke biyana, kuma a rubuta kamasho a takarda, da ranar biyansa, da abin da zai sa a zaftare shi. Ni da baki muka yi, na kuwa sha musu a ƙarshen wata. Dabara ɗaya da na yi daidai ita ce ba kwastomomi lambata, ina bibiyar matsalarsu har ta warware. Da na bar aikin a 2023 na kafa rumfar POS, da yawansu sun biyo ni. Inna ma tana zuwa cire kuɗi, kuma duk ranar da sabis ya ɗauke, ni take wa faɗa.