Daren da ƙura ta ɗauke

Har yau idan na tuna daren nan raina ɓaci yake, domin alamar ta fito fili, an kuma gaya mini, ni ne na ƙi ji.

Rijiyar gas muke haƙawa a cikin dutse mai taurin tsiya. Da taɓo muka fara kamar yadda aka saba, wato ruwan laka da ake turawa ta bututu ya ɗauko ɓarɓashi zuwa sama, sai a wuni ana juya bututu ba a ci wani abin kirki ba. Duk wanda ya yi aikin ya san dalili: nauyin taɓo yana danne ɓarɓashin da bakin haƙa ya fasa, ya liƙe shi a gindin rami, bakin ya yi ta niƙa abin da ya riga ya niƙa, haƙoransa suna cinyewa a banza. Ni ne na dage a kwashe taɓon a koma iska, matsin cikin rami ya sauka ƙasa da na cikin dutsen. Aka jera kwamfuresoci, aka ɗaura robar nan mai juyawa da ke rufe bakin rijiya, aka sa gudumar iska. Abin da muke ci a wuni sai ga shi muna cinsa kafin rana ta take. Na ji daɗi ƙwarai, kuma wannan jin daɗin ne ya rufe mini ido.

A dare na huɗu, wajen ƙarfe biyu, dattijon da ke riƙe da birkin injin haƙa ya leƙo ɗakina ya ce, "Oga, ƙura ta ɗauke." Na fita da tocila zuwa bakin bututun fitar da ƙura. Inda ɗazu farar ƙura ke tashi kamar hayaƙi, yanzu iska ce kawai ke huci. Na debi ɗan abin da ya zubo a ƙasa na matse a tafin hannu, sai ya dunƙule, da sanyinsa. Agogon matsi kuma ya ɗan hau, kaɗan dai. Na san ma'anar wannan sarai: mun taɓo ruwa. Amma sai na ce, "Baba, mu ƙarasa wannan bututun tukuna, sai mu fara fesa sabulu." Ya dube ni, bai ce komai ba, ya koma.

Feshin ruwan sabulu shi ne ke hana jiƙaƙƙiyar ƙura dunƙulewa, na jinkirta shi saboda bututu ɗaya kacal. Ruwan bai kai ya wanke ramin ba, ya dai isa ya kwaɓa ƙurar ta zama laka. Lakar ta taru ta yi wa bututu ƙawanya a saman manyan ƙarafan nauyi da ke danna bakin haƙa, daidai inda fili ya buɗe iska ta rage gudu. Ana so iskar da ke hawowa ta yi gudun da ya kai ƙafa 3,000 a minti kafin ta iya ɗauko ɓarɓashi, to wannan lissafin na busasshen rami ne. Kafin mu ƙarasa bututun matsi ya yi sama, juyi ya yi nauyi, muka ja, ko motsi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali daga baya shi ne wuta. Ƙarƙashin ƙawanyar nan iska ce a kulle, matsi na ƙaruwa, kuma iskar methane, wato gas ɗin da muke nema, tana kamawa da wuta idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a cikin iska. Irin wannan toshewar ce ke haddasa gobarar ƙasan rami, wadda ba a ganin harshenta sai dai a ciro ƙarfe a narke. Allah ya tsare, ba mu kai ga gas mai yawa ba a lokacin. Da mun ƙara nitsawa kaɗan, da labarin ya sha bamban.

Kwana shida muka yi muna fama. Ƙarshe dai sai da aka maido da taɓon da na yi ta kushewa, aka cika ramin, kafin aka kuɓutar da kayan. Duk kwanakin da iska ta rage mana, daren nan ya cinye su har da ƙari.

A rijiya ta gaba mun sake yi da iska, ban daina yarda da hanyar ba. Sai dai yanzu famfon sabulu a haɗe yake tun ranar farko, tankinsa a cike, kuma akwai mutum guda da ba shi da aiki sai kallon bakin bututun ƙura. Da ta canza launi ko ta ragu, a ɗaga baki daga gindin rami, a busa, a fara feshi, in ruwan ya yi yawa a koma kumfa. Ba sai an nemi izinina ba, haka na rubuta. Muna dab da dutsen gas kuma sai mu sauya zuwa iskar naitirojin don gudun wuta, duk da tsadarsa da tsatsar da ragowar oksijin ɗinsa ke jawo wa bututu. Dattijon nan ma tare muka yi, kuma a wannan karon sau biyu ya tsayar da haƙa ina barci, sai da safe na gani a takarda.