Hagu ko dama? Abin da aikin sayar da tikitin jirgin ruwan yawo ya koya mini

Duk mai son kama ɗaki a jirgin ruwan yawon shaƙatawa tambayarsa ta farko ita ce: wane gefe ya fi kallo? Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, gefe yana da tasiri sosai ne kawai idan jirgin zai bi gaɓa ya nufi waje ɗaya ba tare da ya dawo ta hanyar da ya bi ba. A sauran tafiye-tafiye, wasu abubuwa ne ke ɓata wa mutum kuɗinsa, kuma su ne ba a cika tambaya ba.

Ana ƙirga hagu da dama ne idan mutum ya fuskanci goshin jirgi. A takardar kamfani za ka ga an rubuta "port" ga hagu, "starboard" ga dama. Kamfanoni da yawa suna ba gefe ɗaya lambobin ɗakuna masu rabuwa biyu, ɗaya gefen kuma marasa rabuwa, amma tsarin ya bambanta daga jirgi zuwa jirgi, don haka a buɗe zanen benayen jirgin a duba da ido.

Daga nan sai taswira. Ɗora yatsa a tashar da za a tashi, ka bi layin tafiyar kamar kai ne matuƙin, ka ga ta wane hannu tudu yake. Jirgin da ya tashi daga Vancouver ta Kanada ya nufi arewa zuwa Seward ko Whittier a Alaska, gaɓa da duwatsunta na hannun dama. Mai gangarowa kudu kuwa hagu zai nema. Haka hanyar gaɓar Norway daga Bergen zuwa Kirkenes, mai tashoshi 34: a tafiya arewa, dama ce ke kallon tudu. Wanda ya sayi tikitin zuwa da dawowa ba shi da abin damuwa, domin abin da ya wuce shi a tafiya zai same shi a dawowa.

Inda mutane ke yin asara shi ne biyan ƙarin kuɗi saboda wuri guda da suka gani a hoto. A mashigin Glacier Bay na Alaska, idan jirgi ya iso gaban tsaunin ƙanƙarar da ake kira Margerie, kyaftin kan tsayar da shi ya juya shi a hankali har kowane gefe ya samu rabonsa. A mashigin Geiranger na Norway, jirgi yana shiga ne ya fito ta ƙofa ɗaya, saboda haka ruwan da ke zubowa daga dutse da ake kira Seven Sisters yana hagu a shiga, yana dama a fita. Bambancin kawai lokaci ne, wato da sassafe za ka gan shi ko da yamma, kuma wannan yana cikin jadawalin tafiya.

A Bahar Rum ma lissafin bai cika aiki ba. Daga Barcelona zuwa Marseille zuwa Genoa tudu yana hagu a taswira, gaskiya ne, amma galibi jirgi yana barin tasha da yamma ya kwana yana tafiya, nesa da gaɓa. Daga baranda mai tsayin mita 30 a saman ruwa, ido ba ya wuce kimanin kilomita 20 kafin ruwa ya haɗu da sama, sai dai in akwai dogon dutse. Da dare, hagu da dama duk duhu ne. Gefen da zai jingina da tasha kuwa babu wakilin da zai iya yi maka alkawarinsa; iska da wurin da aka ba jirgin ranar su ke yanke hukunci.

Rana ita ce abin da na fi so a yi wa lissafi, don ita ba ta saɓawa. Jirgi mai nufar yamma, kamar daga Southampton ta Ingila zuwa New York, gefensa na hagu ne ke fuskantar kudu, shi ke samun rana a tekun da sanyi da iska suka yi yawa. A Bahar Maliya abin ya juya: jirgin da ya bar Jidda ya yi arewa, hagunsa na kallon yamma, kuma zafin bayan azahar na iya hana mutum zama a barandar da ya biya kuɗi mai yawa a kanta. Mai son hantsi da inuwar la'asar ya ɗauki dama.

Sai abin da ke tare ido. Ɗakunan da ke daidai da benen kwale-kwalen ceto sukan yi araha domin kwale-kwalen na rufe taga, wani lokaci rabi, wani lokaci gaba ɗaya, kuma kamfani kan rubuta hakan da ƙananan haruffa. Ɗakin da ke ƙarƙashin benen wurin ninƙaya rufi na iya yi masa rumfa ya tare sama, ga ƙarar jan kujeru tun asuba. Akwai kuma tikiti mai rahusa wanda kamfani ne ke zaɓar maka ɗaki daga baya. Wanda ya damu da gefe kada ya taɓa shi. Mai saurin jiri ya manta da hagu da dama, ya nemi tsakiyar jirgi a benen ƙasa-ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi.

A Kogin Nilu, tsakanin Luxor da Aswan, gaɓa biyu duk suna kusa, ana ganin dabino da gonaki ta kowane gefe. Matsalar can ta tsayawa ce: jirage kan jeru gefe da gefe a tasha, har fasinja ya ratsa ta cikin wasu kafin ya taka ƙasa, taga kuma ta kwana tana kallon tagar wani jirgin. Gara a tambayi kamfanin ko yana da matsayarsa ta kansa kafin a biya.