Ƙadangaren Falalen Dutse a Hyden

Mun bar Perth da asuba a watan Oktoba, muka nufi gabas zuwa Hyden, tafiyar kusan kilomita 340 a Yammacin Ostireliya, kuma mafi yawan hanyar gonakin alkama ne har iyakar ganin ido. Abin da ya kai mu shi ne Wave Rock, dutsen nan mai siffar igiyar ruwa, wanda tsayinsa ya kai mita 15, tsawonsa kuwa kusan mita 110. Na kalle shi, na yaba, sannan na hau saman falalen dutsen, inda na tarar da abin da ya cinye mini sauran yinin.

Hantsi ya dubi ludayi, dutse ya ɗauki zafi, sai ga wani ƙadangare ya fito daga tsaga ya tsaya yana gyaɗa kai, sak yadda jan gwada yake yi a katangar gidanmu. Ba mamaki, domin danginsu ɗaya ne, wanda masana suke kira Agamidae, shi kuwa wannan sunansa Ctenophorus ornatus. Na durƙusa na ƙura masa ido. Jikinsa a baje yake kamar an danne shi da tafin hannu, wutsiyarsa doguwa ce mai zobba baƙi da fari, yatsunsa kuma sun kama dutsen kam. Ya cafke tururuwa biyu a gabana. Da inuwata ta faɗa kansa, kafin ƙiftawar ido ya shige ƙarƙashin wani ɓawon dutse, ta ramin da ko yatsana ba zai shiga ba.

Waɗannan ɓawo-ɓawon da suke ɓamɓaruwa daga jikin dutsen a hankali cikin shekaru masu yawa su ne gidansa. A nan yake fakewa daga shaho, da sanyin dare, da zafin tsakar rana. Gonaki sun kewaye duwatsun yankin, har kowanne ya zama tamkar tsibiri, kuma ƙadangaren ba ya iya ƙetare filin alkama cikin sauƙi ya je wani dutsen. Shi ya sa raina ya ɓaci da na ga inda aka kife wani falle aka bar shi a fashe. Ni da abokin tafiyata muka ciccibe ɓarin da ya fi girma, muka mayar da shi mazauninsa kafin mu sauko da la'asar.