Yanar ido mutum biyu take zaunarwa

Jama'a, idan yanar ido ta rufe idon tela a Fagge, kekensa ya tsaya, kuma yaron gidan za a cire daga makaranta ya zama ɗan jagora. Asara biyu ke nan. Binciken ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 84 cikin ɗari na makantar Najeriya ana iya kauce mata, kuma yanar ido ce kan gaba.

Aikin cire yanar bai cika wuce rabin awa ba: a kashe zafin wurin, a cire madubin cikin ido da ya dushe, a dasa na roba. Ana yi a asibitin ido na ECWA da na Makkah da ke Kano. Don Allah a guji masu tura yanar da allura. Kumburi da hawan jinin ido kan biyo baya.